Hausar da ke Ƙarƙashin Turancinka: Yadda Za Ka Shirya wa Ingilishin WAEC, NECO da JAMB

Wata ranar Asabar da la'asar, a ajin lesin da nake koyarwa a unguwar Runjin Sambo cikin Sakkwato, na mayar wa wata yarinya 'yar aji shida takardar insha'inta. A layin farko ta rubuta: *My father he is having two shops in the market and I use to help him.* Na ja mata jan biro wuri uku. Ta dubi takardar, ta dube ni, ta ce, "Malam, mi yas sa kaj ja min layi har wuri ukku? Ai maganar daidai take." Na ce mata, "Ɗiyata, faɗa mini da Hausa." Ta ce, "Babana yana da shaguna biyu a kasuwa, kuma nakan taimaka masa." Ko Sarkin Malamai ba zai sami abin gyarawa a wannan jimla ba. Hausarta ba ta da aibi. Abin da ya faru shi ne ta ɗauko ginin Hausa ta yi masa yaɓe da kalmomin Turanci. "Babana ya" ya haifi *my father he*, "yana da" ya haifi *is having*, "nakan" ya haifi *I use to*. Abin da mai maki yake nema shi ne: *My father has two shops in the market and I usually help him.*

Wanda nake yi wa wannan bayani shi ne ɗalibin da ya wuce matakin koyon baƙaƙe, yana iya karanta jarida ya gane, yana iya hira da ɗan bautar ƙasa, amma da sakamako ya fito sai ya ga D7 ko E8. Irin wannan ɗalibi ba ƙarin manyan kalmomi yake buƙata ba. Kurakuransa ba su da yawa, 'yan kaɗan ne suke ta maimaita kansu, kuma mafi yawansu daga Hausa suke tsirowa. In ya gano su ɗaya bayan ɗaya, ya gama rabin aikin.

Mataki na farko: san abin da za a tambaye ka

Jami'ar Usmanu Danfodiyo da Jami'ar Jihar Sakkwato, kamar sauran jami'o'in ƙasar nan, suna neman kiredit biyar har da Ingilishi. Kiredit kuwa daga C6 yake farawa, wato maki 50 cikin 100. A tsarin da WAEC ta daɗe tana bi, takardu uku ne. Ta farko tambayoyin zaɓi 80 ne a kan kalmomi da nahawu, cikin awa ɗaya. Ta biyu awa biyu ce: insha'i mai maki 50, auna fahimta mai maki 20, da taƙaitawa mai maki 30. Ta uku ta furuci ce, tambayoyi 60 cikin minti 45. NECO ba ta yi nisa da wannan ba. A JAMB kuwa, Ingilishi dole ne ga kowa, tambayoyinsa 60, sauran darussa uku 40 kowanne, jimilla 180 cikin awa biyu a kan kwamfuta. In ka raba, daƙiƙa 40 ke nan kowace tambaya. Akwai kuma littafin labari da suke sanyawa a karanta. Ka nemi manhajar shekarar da za ka zauna ka tabbatar, don hukumomin nan sukan yi sauyi.

Dubi inda makin yake kwance. Insha'i da taƙaitawa kaɗai maki 80 ne a takarda ta biyu, amma su ne ɗalibai suka fi gudu, suna ta haddar A da B da C.

Mataki na biyu: gwada kanka, ka buɗe littafin kurakurai

Kafin ka buɗe littafin nahawu ko ɗaya, samo tambayoyin wata shekara da ta wuce, ka sa agogo, ka amsa su kai kaɗai ba leƙe. Ka rubuta insha'i ɗaya kuma, ka kai wa malamin da ba ya jin kunyar ja maka jan biro. Sannan ka sayi littafin rubutu mai ganye arba'in, ka raba kowane shafi gida uku. Gidan farko, abin da ka rubuta. Na biyu, yadda ya kamata. Na uku, dalili, kuma da Hausa za ka rubuta dalilin. Wannan gida na uku shi ne ran littafin. Kada ka rubuta "kuskure ne" kawai. Ka rubuta, misali, "na fassara 'ara mini' kai tsaye."

Bayan mako biyu ka koma ka ƙirga. Za ka tarar da abu biyar ko shida ne ke ta dawowa kamar bashin da ba a biya ba. Da su za ka fara.

Mataki na uku: nahawu, inda Hausa take ɓullowa

A nan zan daɗe, don a nan ɓarnar take.

Fara da wakilin suna. A Hausa ba ka cewa "Audu zo", dole ka ce "Audu ya zo". Wannan "ya" ɗin shi ne ke ɗauke da lokaci, ba a yar da shi. A Turanci aikatau ne da kansa ke canja siffa, saboda haka suna ɗaya ya isa: *Audu came*. Haka kuma kowane suna a Hausa ko namiji ne ko mace: mota ta lalace, gida ya rushe. Turanci bai san wannan ba, mota da gida duk *it* ne. Sai kuma lissafi. Muna cewa "shekara goma", "mota biyu", ba mu damu da jam'i ba tunda lamba ta riga ta faɗa. Bature sai ya sake faɗa: *ten years*, *two cars*. Amma in lambar ta zama sifa a gaban suna, sai *s* ta faɗi: *a ten-year-old boy*. JAMB na son wannan tarko.

Akasin haka ma yana faruwa. Muna da "shawarwari", "bayanai", "kayayyaki", sai ɗalibi ya rubuta *advices*, *informations*, *equipments*, *furnitures*, *luggages*. Babu ɗaya daga cikinsu da ke karɓar *s*. In kana son ƙirgawa sai ka ce *a piece of advice*, *two pieces of furniture*. *News* kuma, duk da *s* ɗin da ke wutsiyarsa, tilo ne: *the news is good*.

Yanzu lokaci. "Na gan shi" a Hausa magana ce da ta kammala, ko jiya ne ko ɗazu. Turanci ya raba ta biyu. In ka ambaci lokacin da abin ya faru, *I saw him yesterday*. In ba ka ambata ba, kuma abin yana da alaƙa da yanzu, *I have seen him*. Duk inda ka ga *yesterday*, *last week*, *ago*, ko shekara kamar *in 2020*, to *have* ba ta da wurin zama. Sai "tun". "Ina zaune a Mabera tun 2015" ba *I am living* ba ne, *I have been living in Mabera since 2015* ne. *Since* tana bin lokacin da aka fara, wato "tun", *for* tana bin tsawon lokacin: *for ten years*.

"Ina" da "yana" suna jan mu zuwa *-ing* ko da yaushe. Amma akwai aikatau a Turanci da ba sa son *-ing* in suna nuna hali ko mallaka: *have*, *know*, *understand*, *believe*, *own*, *hear*, *see*. "Ina da kuɗi" *I have money* ne. "Ina jin ka" *I can hear you* ne. *Used to* kuma abin da ake yi da ne aka daina, wato "da nakan yi". Ba ta da siffar yanzu. In har yanzu kana yin abin, *usually* za ka ce.

Ga wani wuri da Hausa za ta taimake ka maimakon ta kada ka. Ɗalibai na tsoron jimlolin *if*, alhali muna da su tsaf. "In na samu kuɗi zan saya": abu ne mai yiwuwa, *If I get money, I will buy it*. "Da ni ne kai, da na tafi": zato ne kawai, *If I were you, I would go*. "Da na sani, da ban je ba": bakin alƙalami ya bushe, *If I had known, I would not have gone*. Da ka ga tambaya irin wannan, ka tambayi kanka a zuci: "in" ce ko "da"? In "da" ce, nadama ce a kan abin da ya wuce ko zato ne na yanzu? Amsar za ta fito da kanta.

Maganar wani kuwa, a Hausa ba ma ja da ita baya: "Ya ce yana zuwa." A Turanci, tunda *said* ta wuce, abin da ke bin ta ma yakan koma baya: *He said he was coming*. Tambaya kuma in ta shiga cikin labari sai ta miƙe ta zama magana: *He asked me where I was going*, ba *where was I going* ba.

Akwai wani kuskure da ke ba ni dariya duk shekara. Na tambayi wani yaro daga Gidan Igwai, *Haven't you done the assignment?* Ya ce *Yes*. Na ce to kawo. Ya ce, "Malam, ai na ce ban yi ba." Gaskiyarsa ne a Hausa: "Ba ka yi ba?" "E, ban yi ba." Bahaushe yana amsa maganar mai tambaya ne, Bature kuma yana amsa abin da ya faru. In ba ka yi ba, *No, I haven't*, ko ta yaya aka juya tambayar. Haka "ko ba haka ba?" da muke liƙa wa kowace magana ta sa mutane suna liƙa *isn't it?* a ko'ina. A Turanci wutsiyar tana bin jikin jimlar: *She came, didn't she? You can't swim, can you? Let's go, shall we?*

Daidaiton suna da aikatau kuma, wannan sai hadda, babu wata dabara. *One of the boys is*. *Each of them has*. *The principal, as well as the teachers, is*. *A number of students are*, amma *the number of students is*. A *neither* da *nor*, aikatau yana bin sunan da ya fi kusa da shi: *Neither the teacher nor the students were there*. Ƙara da waɗannan biyun da ba sa rasa fitowa: *It is high time we left*, da *I look forward to seeing you*.

Sai ƙananan kalmomin nan masu wuyar sha'ani. "A" ɗinmu guda ɗaya tana aikin *in* da *on* da *at*: a watan Mayu *in May*, a ranar Litinin *on Monday*, a bakin ƙofa *at the door*. Kada ka ɓata lokaci neman hikimar da ke ciki, sau da yawa babu. Ka haddace su tare da abokan tafiyarsu: *good at*, *congratulate on*, *accuse of*, *married to*, *prefer tea to coffee*, *senior to*. Wasu aikatau kuma ba sa son rakiya ko kaɗan: *discuss the matter*, ba *discuss about* ba, *comprise*, ba *comprise of* ba.

Yadda za ka yi atisayen: ɗauki doka ɗaya a rana, ba uku ba. Karanta ta, ka rubuta jimla goma naka na kanka a kan abin da ka sani, ɗan kabu-kabu, layin ruwa, cinikin albasa, ba a kan dusar ƙanƙarar Landan ba. Sannan ka buɗe tambayoyin baya ka farauto duk tambayar da ta shafi wannan doka a shekaru biyar. Washegari, kafin ka ɗauki sabuwa, sake rubuta jimla uku a kan ta jiya.

Mataki na huɗu: kalmomi

Na ga ɗalibai da dama sun ɗauki ƙamus daga harafin A da niyyar sauke shi. Ban ga wanda ya kai C ba. Kalmar da ka tsinta ita kaɗai ba ta zama, sai wadda ka gamu da ita cikin magana.

Abin da nake sa ɗalibaina shi ne su karanta labari ɗaya sau biyu: a Aminiya da Hausa, sannan a Daily Trust da Turanci, tunda gida ɗaya ne ke buga su kuma sau da yawa labarin yakan fito a duka biyun. Ka riga ka san abin da ya faru, saboda haka hankalinka zai tafi kan yadda aka faɗe shi. Ka fitar da kalma biyar zuwa bakwai a rana, kada su wuce haka. Kowacce ka rubuta ta da jimlar da ka same ta a ciki, da danginta, da kishiyarta. In ka kama *decide*, ka jawo *decision*, *decisive*, *indecisive*. Ka lura da ɗafa-goshi da ɗafa-ƙeya: *un-*, *dis-*, *mis-*, *il-*, *ir-* suna juya ma'ana, *-tion*, *-ment*, *-ness* suna ba ka suna, *-ous*, *-ful*, *-ive* suna ba ka sifa. Wata malama a New Zealand, Averil Coxhead, ta fitar da jerin dangin kalmomi 570 a shekarar 2000, waɗanda suka fi yawo a rubutun ilimi, irin su *analyse*, *establish*, *significant*. Ana samun jerin kyauta a intanet, kuma irin kalmomin da ke cika sassan auna fahimta ne.

Mantuwa kuma ba laifinka ba ce. Tun 1885 wani Bajamushe, Hermann Ebbinghaus, ya nuna cewa yawancin abin da mutum ya haddace yana zubewa ne da wuri in bai waiwaye shi ba. Mu da muka yi makarantar allo ba sai an gaya mana ba, mun san abin da ake nufi da tilawa. Yanka kwali ƙanana, kalma a gaba, ma'ana da jimla a baya. Nemi gwangwani uku. Na farko kullum ake duba shi, na biyu bayan kwana uku, na uku ranar Juma'a. Kalmar da ka ci ta matsa gaba, wadda ta kada ka ta koma gwangwanin farko ko da ta kai na uku.

Ka ba aikatau uku na Hausa kulawa ta musamman: ji, sha, ci. Muna jin magana, jin wari, jin yunwa, jin Turanci. A Turanci huɗu ne daban: *hear*, *smell*, *feel*, *understand*. Muna shan ruwa, shan magani, shan taba, shan wahala: *drink*, *take*, *smoke*, *suffer*. Muna cin tuwo, cin jarrabawa, cin wasa: *eat*, *pass*, *win*. Buɗe wa kowanne shafinsa. Sai maganar aro. Mu mun bambanta aro da rance, wato ko abin da kansa za a mayar ko madadinsa. Bature bai damu da wannan ba, shi abin da ya dame shi shi ne wa ke bayarwa, wa ke karɓa. Mai bayarwa *lend*, mai karɓa *borrow*. "Ara mini bironka" *lend me your pen* ne. Haka "koya mini" *teach me* ne, ba *learn me* ba.

A tambayoyin kishiya da makusanciyar ma'ana, karanta umarnin sau biyu. Masu tambaya sukan ajiye makusanciyar a zaɓi na farko a tambayar da ke neman kishiya, mai gaggawa ya cafke. Kuma ma'anar da kalmar take da ita a cikin jimlar ake nema, ba wadda ka fi sani ba. Ka kuma tattara kalmomin sana'o'i, na kotu, asibiti, banki, noma, gini, wasanni, don daga nan ake ɗauko sashen cike gurbi. Da yawansu ma mun riga mun are su, lauya, beli, kotu, kafinta, makaniki, sai dai ka koyi yadda ake rubuta su a gidansu.

Mataki na biyar: furuci

Takardar furuci a rubuce ake yin ta, ba wanda zai ce ka buɗe baki, amma in bakinka bai bambanta sauti biyu ba, idonka ma ba zai bambanta su ba. Namu sanannu ne. *P* da *f*: *pan* da *fan*, *pull* da *full*. Mu Sakkwatawa ma namu ya fi na kowa, tunda "fara" ɗinmu "hwara" ce. *V* da *b*: *vote* da *boat*. *Th* da muke mayarwa *s* ko *z*: *think* da *sink*. Da kuma cusa wasali tsakanin baƙaƙe, abin da ya mayar da *bread* burodi. Tsaya gaban madubi: a *p* leɓɓa biyu ne ke haɗuwa su fashe, a *f* haƙoran sama ne ke taɓa leɓen ƙasa.

Amma kana da jari. Kunnen da ke raba "dafa" abinci da "dafa" kafaɗa, ko "fasa" tulu da "fasa" tafiya, ya san dogon wasali da gajere, don haka *ship* da *sheep*, *full* da *fool* ba za su gagare shi ba. Haddace haruffan da ake rubutawa ba a furtawa, irin na *debt*, *comb*, *plumber*, *receipt*, *sword*, *listen*. A nauyin gaɓa kuma, kalmar da ta ƙare da *-tion* ko *-ic* nauyinta na kan gaɓar da ta zo daf kafin su, kuma kalmomi irin *record*, *export*, *present* nauyin na farko in suna ne, na ƙarshe in aikatau ne. Ka sa ƙamus mai sauti a waya, ka riƙa sauraron labaran Turanci na BBC minti goma a rana kana maimaitawa.

Mataki na shida: rubutu

Ana raba makin insha'i gida huɗu: abin da ka faɗa 10, tsari 10, salon magana 20, tsabtar rubutu 10. A wannan na ƙarshe rabin maki ake cirewa a kan kowane kuskuren nahawu, rubutun kalma ko alamar rubutu. Kuskure 20 ke nan ya cinye shi tas, kuma ɗalibi yana iya yin 20 kafin ya gama shafin farko. Ana son kalmomi kimanin 450. Ƙirga kalmomin layinka ɗaya tun a gida ka san layi nawa ne zai kai ka, don kada ka zauna ƙirga a ɗakin jarrabawa.

Ra'ayina, kuma na san wasu malamai ba su yarda ba: ka guji burga. Jimla gajera mai lafiya ta fi doguwa mai ɗingishi. Haddatattun buɗe-baki masu tarin manyan kalmomi da ake yawo da su a ajujuwan lesin, masu maki sun gan su sau dubu, kuma da an wuce su sai ainihin Turancin ɗalibi ya bayyana, bambancin ya fito fili kamar faci a sabuwar riga. Ka zaɓi nau'i biyu ka ƙware a kansu. Wasiƙar hukuma adireshi biyu ce, da kwanan wata, da gaisuwa, da take, a rufe da *Yours faithfully*, sa hannu, cikakken suna. Ba a tambayar lafiyar iyalin kwamishina a cikinta, duk da cewa tarbiyyarmu tana ƙaiƙayin a yi. Wasiƙar ɗan'uwa ko aboki adireshi ɗaya, a rufe da *Yours sincerely* da sunanka na farko kawai. Minti biyar na farko ka jera hujjoji uku ko huɗu, kowacce da sakin layinta. Insha'i ɗaya a mako, a kai wa malami, a zuba kurakuran cikin littafin nan.

A taƙaitawa, in an ce jimla shida, shida za ka ba da, kowacce cikakkiya mai suna da aikatau, da kalmominka, ba misali, ba ƙarin bayani. Kwafe layi daga cikin sashen yadda yake asara ce. A auna fahimta, in an ce ka kawo kalmar da za ta maye gurbin wata, ka saka taka a cikin jimlar ka karanta. In ta asali ta ƙare da *-ed*, taka ma lokacinta ya zama ya wuce. In jam'i ce, taka ma jam'i.

Mataki na bakwai: lokaci

JAMB takan faɗo wajen Afrilu, WAEC ta biyo baya a Mayu da Yuni, sai NECO. Duk wanda ya san Sakkwato ya san abin da Afrilu ke nufi: zafin da ke haura digiri 40, ɗaki kamar tanda, in an ɗauke wuta ko fanka babu. Kada ka shirya wa kanka karatun azahar a wannan lokaci, yaudarar kai ce. Aikin mai nauyi ka fara shi tun cikin hunturu. Bayan sallar asuba, minti 40 na nahawu, lokacin kai na sanyi. Bayan la'asar, jarida da gwangwanayen kalmomi, minti 20. Bayan isha'i, tambayoyin baya da agogo. In kina da aikin gida da safe, ƙanwata, ki juya jadawalin yadda ya dace da ke, amma kada ranar ta wuce ba ki taɓa littafin kurakurai ba. Ka sami aboki ɗaya ko biyu da za ku riƙa hira da Turanci rabin awa kuna kama wa juna kuskure. Za a yi muku dariya a majalisa a ce kun zama Turawa. Ku bar su su yi.

Makonni huɗu na ƙarshe, cikakkiyar jarrabawa ɗaya kowane mako, da lokacinta daidai. Mai zana JAMB ya je cibiyar kwamfuta ko sau biyu ne ya saba: A, B, C, D na zaɓen amsa ne, N ta kai ka gaba, P ta dawo da kai baya, S kuma ta miƙa aiki ce, kada hannu ya kai gare ta kafin ka gama. Tambayar da ta riƙe ka fiye da minti ɗaya, zaɓi abin da ya fi kwanta maka ka wuce, ka dawo in lokaci ya ragu.

A makon jarrabawa ba a buɗe sabon babi. Littafin kurakuranka kaɗai za ka bi daga farko zuwa ƙarshe, ka fitar da biyar ɗin da suka fi addabar ka ka riƙe su a ka. Na yarinyar nan ta Runjin Sambo su ne: *he* bayan suna, *s* a aikatau na mutum ɗaya, *-ed* da ke ɓacewa a tsakiyar labari, *having*, da babban harafi bayan aya. Ranar insha'i ka ware minti bakwai na ƙarshe, ka bi rubutunka layi-layi da bakin biro kana neman naka biyar ɗin kaɗai. Inda ka samu, ja layi ɗaya a kai, ka rubuta gyaran a sama yadda zai karantu, sannan ka miƙa takarda.